Sanda tana gina ƙasa? Ku tambayi daular Rasha

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutane, tun daga rumfunan babbar kasuwar Maraɗi har zuwa ofisoshin Yamai, kuma masu yin ta ba jahilai ba ne. Za ka ji alhaji mai dukiya, ko babban ma'aikaci mai digiri, ya gyara zama ya ce: ƙasa ba ta ginuwa da surutu, a ba mutum ɗaya wuƙa da nama, a rufe bakin masu gardama na shekara ashirin, ya shimfiɗa layin dogo, ya kafa masana'antu, in ciki ya cika sai a dawo a yi maganar ƴanci. In ka ja da shi sai ya ce ka duba tarihi, ai duk ƙasar da ta tashi da sanda ta tashi.

To, mun yarda a duba tarihi. Kuma ba za mu zaɓi misalin da ya fi sauƙin rushewa ba. Za mu ɗauki wanda ya fi ƙarfi a hannun masu wannan ra'ayi, wato daular Rasha tsakanin 1890 da 1917, inda aka haɗa duk abin da suke fata: sarki mai cikakken iko wanda ba majalisar da ke tambayarsa, minista haziƙi wanda ya san aikinsa, ƙasa mai ƙarfe da kwal da man fetur, da bashi mai yawa daga Turai. In dabarar nan tana da inda za ta yi nasara, to can ne. Bari mu ga abin da ta haifa.

Abin da aka gina

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba za mu ɓoye ta ba: an yi gini. Rasha ta farka ne bayan kashin da ta sha a yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, inda jiragen ruwa masu tururi na Ingila da Faransa suka riƙa kawo soja da makamai daga nesa da sauri fiye da yadda amalanken Rasha ke kai su daga cikin gida. A 1861 Sarki Alexander na Biyu ya ƴanta bayin gandu, manoman da iyayen gidansu ke mallaka tare da gona. Amma babban yunƙurin ya zo ne da Sergei Witte, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗi daga 1892 zuwa 1903.

Witte ba ɗan fada ba ne. A aikin jirgin ƙasa ya tashi, ya san farashin kowane kilomita. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, ya taɓa gargaɗin manyansa cewa gudun da ake yi da jirgin sarki ya wuce ƙarfin hanyar. Aka ƙi ji, a 1888 jirgin ya kauce a Borki da Sarki Alexander na Uku a ciki. Sarki ya tsira, ya tuna da mutumin da ya faɗi gaskiya, ya jawo shi kusa. Mai karatu ya riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

Dabarar Witte ƙafa huɗu gare ta. Ta farko, katangar duwan mai tsawo, wadda aka kafa tun 1891, don kayan waje su yi tsada. Ta biyu, gwamnati ta zama babbar mai saye: tana gina layin dogo, tana sayen ƙarfe daga masana'antun gida a kan kuɗin da ya fi na kasuwa. Ta uku, a 1897 aka ɗaure kuɗin ruble da zinariya don masu jari na waje su sami natsuwa. Ta huɗu, bashi da jari daga Faransa da Beljiyam da Jamus da Ingila.

Sakamakon ya ba duniya mamaki. A shekarun 1890 masana'antun Rasha sun riƙa ƙaruwa da kusan kashi 8 cikin 100 a kowace shekara. Tsawon layin dogo ya kusa ninkawa cikin shekara goma. A 1891 aka fara layin da ya ratsa Saibiriya, wanda daga Mosko zuwa Vladivostok ya haura kilomita 9,000, wato tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau goma. A 1901 rijiyoyin Baku suna fitar da kusan rabin man fetur na duniya baki ɗaya. A kudu, garin da wani Bature ɗan Birtaniya, John Hughes, ya kafa wajen 1869 domin narka ƙarfe, wanda yau ake kira Donetsk, ya zama cibiyar kwal da ƙarfe. Kafin 1914 Rasha ta shiga sahun ƙasashe biyar mafi girman masana'antu.

Nan masu kirarin sanda suke rufe littafi su tafa. Mu kuwa nan muke buɗe shafi na gaba, domin duk ɗan kasuwa ya sani ba a yabon ciniki sai an ga wanda ya biya da abin da ya rage.

Wa ya biya?

Zinariyar da ake biyan bashin waje da ita ba daga sama take faɗowa ba. Daga hatsi take fitowa. Manomin da aka ƴanta a 1861 an ɗora masa kuɗin fansar gonar da kakanninsa suka noma, ya biya cikin shekara 49. A kan wannan aka ƙara haraji a kan kananzir, da ashana, da sukari, da taba, da shayi. Mai karɓar haraji kuma da kaka yake zuwa, lokacin da hatsi ba shi da daraja, sai manomi ya sayar da arha, a loda a jirgi a kai tashar ruwa ta Odesa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana jingina wa Ivan Vyshnegradsky, ministan kuɗi da Witte ya gada, wata magana mai ma'anar cewa ko ba za a ƙoshi ba sai an fitar da hatsi waje. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, abin da aka aikata ke nan. A 1891 damina ta ƙi a yankin kogin Volga, rumbuna kuwa an riga an share su. Gwamnati ta yi jinkirin hana fitar da hatsi, da ta tashi hanawa kuma sai ta ba da wa'adi, dillalai suka yi rige-rigen fitar da abin da ya rage. Aka hana jaridu kiran abin da sunansa na yunwa, sai dai su ce amfanin gona bai yi kyau ba. Daga baya an kai agaji, kuma ba kaɗan ba, har marubuci Tolstoy ya buɗe wuraren ciyar da mutane; amma yunwa da kwalara da zazzaɓin da suka biyo ta sun ci rai tsakanin 375,000 da 500,000. Ƙasar da ke ciyar da Turai ke nan.

Sai kuma barasa. Daga 1894 Witte ya mayar da cinikin giyar vodka hannun gwamnati ita kaɗai, aka faro daga larduna huɗu har ya game ƙasa. Kafin yaƙin 1914 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigar daula daga kwalbar talaka yake fitowa. Gwamnatin da baitulmalinta ke cika in talakawanta sun bugu, wace irin maslaha take da ita a natsuwarsu?

Za a ce mana, kuma da gaskiya, akwai masana tarihin tattalin arziki, irin su Paul Gregory, da suka nuna cewa in an haɗa lissafi daga 1885 zuwa 1913 abincin manomin Rasha ya ɗan ƙaru, bai ragu ba. Mun karɓa. Amma wannan ya ƙara wa hujjarmu nauyi ne. In har ciki ya ɗan ƙara cika, duk da haka daular ta rushe, to ashe ba cikar ciki kaɗai ke riƙe ƙasa ba, kuma alkawarin nan na "ku yi shiru har ku ƙoshi" ba shi da ranar cika.

Ɗan kasuwa da ma'aikaci a ƙarƙashin sanda

Yanzu mu juyo ga ku da kuke tsammanin in sanda ta zo a kan wasu za ta sauka. Ɗan kasuwar Rasha da ke son kafa kamfani mai hannun jari ba rajista yake zuwa ya yi ba. Sai takardarsa ta bi ofis-ofis a Petersburg, ta sami amincewar gwamnatin sarki, kamfani ɗaya bayan ɗaya, kuma haka abin ya tsaya har 1917, alhali Ingila da Faransa da Jamus sun daɗe da barin wannan hanya. Wanda ya san wani a fada ya wuce. Wanda bai sani ba ya jira. Dokoki suka taƙaita wa Yahudawa wurin zama da irin sana'ar da za su shiga. Manyan masana'antun da gwamnati ke saye a wurinsu suka haɗa kai, suka kafa ƙungiyar masu ƙarfe ta Prodamet a 1902, sannan ta masu kwal, suna yanka farashi yadda suka ga dama a bayan katangar duwan. Manomi ya sayi garma da tsada, ƙaramin maƙeri ya sayi ƙarfe da tsada. Da gwamnati ta rage saye wajen 1900, masana'antun da suka saba shan nono ɗaya suka durƙushe, aka sallami dubban ma'aikata, kasuwa ta mutu har 1903.

Ba banza ba ne manyan attajiran Mosko, waɗanda suka fi kowa cin moriyar katangar duwan, suka zama ƴan adawa. Iyalan Ryabushinsky da Konovalov suka shiga neman tsarin mulki, shi kuwa Savva Morozov, mai masaƙu, har kuɗi ya riƙa ba masu neman juyin juya hali. Mai dukiya ya gane cewa dukiyar da alƙalami ɗaya ya ba ka, alƙalami ɗaya zai iya karɓe ta.

Ilimi fa? Ƙidayar 1897 ta sami mutum miliyan 125 da ƴan kai, kuma cikin kowane biyar ɗaya ne kawai ya iya karatu. Kason ma'aikatar ilimi a ƙarshen ƙarnin bai kai kashi 3 cikin 100 na kasafin daula ba. A 1887 ministan ilimi Delyanov ya fitar da takardar umarni cewa a rage karɓar ƴaƴan direbobin keken doki, da barori, da masu dafa abinci, da masu wanki, da ƙananan masu kanti a makarantun sakandare. Witte ya buɗe manyan makarantun fasaha da na kasuwanci, wannan ba a musu. Amma daula tana son injiniya, tana tsoron ɗan talaka mai karatu, kuma ba a samun na farko da yawa in ana toshe na biyu.

Ma'aikacin gwamnati kuwa, ya dubi Witte da kansa. Mutumin da ya tara wa sarki zinariya, ya kuma rubuta a 1899 cewa majalisun larduna da ake zaɓe, waɗanda suke kira zemstvo, ba su dace da mulkin sarki mai cikakken iko ba, shi ne a watan Agusta na 1903 Sarki Nicholas na Biyu ya kira ya cire daga ma'aikatar kuɗi, ya ba shi wata kujera mai suna babu iko. Laifinsa? Ya yi ta gargaɗi a kan kutsen da wasu ƴan fada ke yi a Koriya da Manchuriya, yana cewa zai jawo yaƙi. Gaskiyar da ta ɗaga shi a gaban uba ita ta kayar da shi a gaban ɗa. Ba majalisa da zai kai ƙara, ba jarida da za ta buga hujjarsa, domin shi ma ya taimaka wajen tabbatar da cewa babu su. Wanda ya gina ramin mugunta, an ce ya gina shi gajere.

Ranar biyan bashi

Shi ma Witte hannunsa ba fari ba ne a wannan yaƙi: shi ya ƙulla yarjejeniyar 1896 da ta ba Rasha damar ratsa Manchuriya da layin dogo. Layin da aka ce na ciniki ne ya zama igiyar da ta jawo daula cikin rigimar gabas. A 1904 Japan ta kai hari. Sai ga shi babban layin Saibiriya hanya ɗaya ce tal, kuma bai gama zagaye tafkin Baikal ba. Da hunturu har a kan ƙanƙarar tafkin aka shimfiɗa dogo, dawaki na jan taragu. A watan Mayu na 1905, a mashigin Tsushima, aka hallaka rundunar jiragen ruwan da ta yi wata bakwai tana tafiya daga tekun Baltik. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A gida kuma, masana'antu sun haifi abin da masana'antu ke haifa ko'ina: dubban mutane a wuri ɗaya, masu koke ɗaya. Dokar 1897, wadda sai da masaƙan Petersburg suka yi yajin aiki aka yi ta, ta ƙayyade aikin yini a kan awa goma sha ɗaya da rabi. Ƙungiyar ƙwadago haramun ce, sai wadda ƴan sanda suka kafa ko suka yarda da ita. Da masana'antar Putilov ta kori ma'aikata huɗu, yaji ya bazu, ranar Lahadi 22 ga Janairu 1905 dubban ma'aikata da matansu da ƴaƴansu suka nufi fadar sarki ɗauke da hotunansa da takardar koke, wani limamin coci mai suna Gapon yana gaba. Soja suka buɗe wuta, ɗaruruwa suka faɗi, matattu da masu rauni. Mutanen da suka zo roƙo suka koma gida abokan gaba.

Wannan sarkin ne, shekara goma kafin haka, a 1895, ya gaya wa wakilan larduna cewa fatan su sa baki a mulki mafarki ne maras ma'ana. A watan Oktoba na 1905, da ma'aikatan jirgin ƙasa suka tsayar da daula cik, sai da aka nemo Witte ya rubuta masa alkawarin majalisa. An yi fafe gora ranar tafiya. Kuma ko wannan alkawari da rabin zuciya aka yi shi. Witte ya ƙulla bashin faran biliyan 2 da miliyan 250 a watan Afrilu na 1906, galibi daga bankunan Paris, domin sarki ya sami kuɗin da ba sai ya roƙi majalisa ba. Kuɗi na shiga hannu aka sallami Witte karo na biyu. Majalisar Duma ta farko ba ta cika wata uku ba aka rushe ta, ta biyu aka rushe a 1907, aka sake dokar zaɓe don a sami majalisa mai ladabi. A 1912 soja suka harbe ma'aikata fiye da 150 a mahaƙar zinariya ta kogin Lena saboda sun yi yaji.

Sai 1914. Daular da ta ƙwace abinci daga bakin manomi da sunan ƙarfin soja ta tura soja fagen fama a 1915 babu isassun harsasai, wasu babu ko bindiga. Sarki ya hana sayar da vodka a farkon yaƙi, ya toshe rubu'in kuɗin shigarsa da hannunsa. A farkon 1917 akwai hatsi a ƙasa, amma jiragen ba su iya kai shi babban birni ba. Mata suka gaji da layin burodi suka fito titi, soja suka ƙi harbi. Ma'aikatan dogo da masu tawaye suka tare hanyar jirgin sarki, aka karkata shi zuwa Pskov, kuma a cikin taragon jirgin ƙasa, ranar 15 ga Maris 1917, Nicholas ya sa hannu ya sauka. Abin alfaharin daular shi ya zama ɗakin da aka yi mata wanka. A 1918 sabbin masu mulki suka ce ba su san da wani bashi ba. Faransawa fiye da miliyan ɗaya da rabi da suka zuba ajiyarsu suka tashi da takarda, sai a 1997 Rasha ta amince ta biya dala miliyan 400, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Amsa ga sauran hujjoji

Za a ce: ai Japan ma sarki gare ta. Haka ne, kuma ba aljannar ƴanci ba ce, ƙarshenta ma sojojinta sun kai ta ga halaka a 1945. Amma a lokacin da ta kayar da Rasha tana da tsarin mulki tun 1889, da majalisa tun 1890 mai iya ƙin amincewa da ƙarin haraji. Ta wajabta karatun firamare tun 1872, har kusan duk yaranta suna makaranta. Kuma tun shekarun 1880 ta sayar wa ƴan kasuwa yawancin masana'antun da gwamnati ta kafa. Sojan da ya iya karatu ne ya kayar da wanda bai iya ba.

Za a ce Koriya ta Kudu. Mu ce a can an raba gonaki ga manoma, an cika makarantu, kuma a 1987 mutanen da masana'antu suka haifa suka fito suka karɓi ƴancinsu. Sannan mu tambaya: in sanda ce sirrin, ina sakamakonta a hannun Sarkin Iran, wanda ya zuba kuɗin mai a ƙarfe da makamai ya gudu a 1979? Ina sakamakonta a hannun Haile Selassie, wanda gwamnatinsa ta ɓoye yunwar Wollo ta 1973 kamar yadda aka ɓoye ta Volga, ya faɗi a 1974? Mai caca yakan tuna ranar da ya ci, ya manta ranakun da aka cinye shi.

Abin da tarihin Rasha ya nuna a fili yake. Saurin da mulkin mutum ɗaya ke yi yana zuwa ne daga rashin mai cewa "tsaya", kuma rashin mai cewa "tsaya" shi ne ya bar hatsi ya fita ana yunwa, ya bar ƴan fada suka jawo yaƙi, ya bar soja suka harbi masu koke. Ba za ka sayi saurin ka bar haɗarin a kanti ba. Ɗauri ɗaya ne. Gwamnati tana da aiki babba a gina masana'antu, ba mu ce ba ta da shi ba: hanya, wuta, makaranta, kariyar da ke da wa'adi da sharaɗi. Amma kuɗin talaka ne, kuma wanda ya ba da kuɗi yana da haƙƙin ganin lissafi.

Saboda haka, alhaji, in an sake yi maka tallar sanda, ka yi tambayar da kake yi wa duk mai neman ka zuba jari: wa zai biya, wa zai duba littafi, kuma in mai riƙe da makulli ya yi kuskure, wa ke da ikon karɓe shi ba tare da an zubar da jini ba? Kai kuma ma'aikaci, ka tuna Witte, wanda ya fi ka iya aiki, ya fi ka kusa da sarki, ya mutu a 1915 ba mai neman shawararsa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.